Zaman Libreville: Takarda Kafin Jari

 Gaisuwa ga waɗanda ke ruga, da waɗanda ke kara, da direbobin da ke jiran a ɗaga musu sanda a bakin iyaka. Yau hirarmu za ta yi nisa. Za mu gangara kudu har bakin teku, birnin Libreville na ƙasar Gabon, inda 'yan'uwanmu da yawa ke neman abinci. Daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Damagaram zuwa Mubi, da wuya ka rasa garin da babu gidan da za a nuna maka a ce ɗan gidan nan yana Gabon. Ana ganin ginin siminti da babur sabo da ragon layya mai ƙiba, sai yaro ya fara lissafin bijimin da zai sayar ya yi kuɗin mota. To, kafin a kai bijimin nan kara, bari mu zauna mu yi lissafin tare.

Da farko, wace irin ƙasa ce Gabon? Ƙasa ce mai faɗi amma mutanenta kaɗan ne, ba su kai miliyan 3 ba. Birnin Kano kaɗai ya fi su yawa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kurmi ne. Allah ya ba su man fetur, da katako, da ma'adinin manganis da ake haƙa a Moanda. Faransa ce ta mulke su, suka sami 'yancin kai ranar 17 ga Agusta, 1960, kuma har gobe Faransanci ne harshen ofis da makaranta da kasuwa. Da kuɗin mai ya shigo a shekarun 1970, aiki ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Aka buɗe ƙofa ga baƙi daga Kamaru da Benin da Togo da Mali da Senegal da Nijeriya da Nijar. Abincin da suke ci ma mafi yawansa daga waje ake kawo shi. Wannan shi ne sirrin kasuwar Gabon: akwai kuɗi a hannun mutane, kayan kuwa sai an kawo. Shi ne kuma dalilin tsadar rayuwa a can. Inda ake sayarwa da tsada, a nan ake saye da tsada.

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a ƙasar. Tun ƙarshen ƙarni na 19 fatake suka fara gangarowa daga Adamawa, suka ratsa kudancin Kamaru suna neman hauren giwa da danƙo, suka zauna a arewacin Gabon, yankin da ake kira Woleu-Ntem. Akwai lokacin da yankin nan ya koma hannun Jamus, daga 1911 har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ya dawo wa Faransa, Hausawa suna nan zaune. Jikokinsu na nan a Bitam da Oyem da Minvoul, kuma a zamanin mulkin Ali Bongo hukuma ta amince da su a matsayin ɗaya daga cikin ƙabilun ƙasar. Ku lura da wannan da kyau. Bahaushen Oyem ɗan ƙasa ne, yana da katin zaɓe. Bahaushen da ya sauka daga Jibiya ko Ƙonni makon jiya baƙo ne. Harshensu ɗaya, sahun sallarsu ɗaya, amma a gaban jandarma hukuncinsu daban.

'Yan Nijeriya a Libreville iri-iri ne. Akwai Inyamurai masu kayan gyaran mota da kayan lantarki. Alaƙarsu da ƙasar ta daɗe, domin Gabon na cikin ƙasashe ƙalilan da suka amince da Biyafara a 1968, kuma dubban yaran da yunwar yaƙin basasa ta kama can aka kai su jinya, aka dawo da su bayan yaƙi. Akwai Yarbawa da mutanen bakin ruwa masu kamun kifi a gaɓar teku. Namu kuwa an fi sanin su da fawa, da tireda, da ɗinki, da canji, da gadi, da gasa nama, wanda mutanen gari ke kira kupe-kupe. In ka shiga Mont-Bouët, babbar kasuwar birnin, ko unguwanni irin su Lalala da Akébé da Nkembo, za ka ji Hausa na tashi. Ranar Juma'a masallacin Hassan na Biyu, wanda Maroko ta gina, kan cika. Marigayi Shugaba Bongo ya musulunta a 1973, ya ɗauki sunan Omar, kuma duk da Musulmi tsiraru ne a ƙasar, ana hutun ƙaramar Salla da babba. Ta fuskar addini dai ba a takura wa kowa.

Yanzu bari in juyo gare ku, Ardo da jama'arka. Kowa ya ji an ce ƙasa ce mai ruwan sama da ciyawa, sai ransa ya biya. Amma kurmin nan gidan tsando ne, kuma inda tsando yake, sammore na nan. Bunaji da Rahaji da Bokolo ba sa jure masa. Shi ya sa a 'yan wuraren kiwon da suke da su, kamar babban garken Nyanga da ke kudancin ƙasar, gajerun shanun nan na Ndama aka fi zubawa, domin su ne ke iya zama da cutar. Saboda haka mai tunanin ya kora garkensa ya je ya kafa ruga a can, ya sake shawara. Sar da ke shiga Gabon ta yanka ce.

Yaya take isa? Yawanci daga Adamawan Kamaru da Cadi. Ana loda shanu a Gaundare, a jirgin ƙasa ko a tirela, zuwa Yawunde, tafiyar da ta haura kilomita 600. Daga nan sai Ebolowa, sai Ambam, a haye kogin Ntem a shiga Gabon ta Bitam. Daga Bitam zuwa Libreville akwai wasu kilomita kimanin 600, ta Oyem da Mitzic da Ndjolé da Kango da Ntoum. Ka ga kwanakin da dabba za ta yi a tsaye a cikin mota, cikin zafi da laima. Wata ta rame, wata ta faɗi a taka ta, sai an yanka a hanya a sayar da araha. Ga takardar likitan dabbobi, ga kuɗin duwan, ga shinge bayan shinge. Gab da layya farashin Uda da Balami kan hau sosai a Libreville, gaskiya ne, amma motar da ta makara da kwana biyu ta isa bayan Salla, mai ita ya shiga uku, domin babu makiyayar da zai ajiye su, kuma harawa da dusa a can kuɗi ne. Ga kuma naman sanyi da kajin kwali da jiragen ruwa ke saukewa a tashar Owendo, waɗanda suka fi naman mahauta sauƙi. Wanda zai shiga wannan sana'a ya fara da bin wani da ya san hanya, ya sami fatoma amintacce a can, sannan ya saka nasa.

To, mu zo kan babbar magana, wato takarda. Mu nan mun saba, ka tashi Illela ka ci kasuwar Ƙonni, ka tashi Maigatari ka kwana Dungas, da ɗan katinka a aljihu ko ma babu. Gabon ba ta cikin ECOWAS. Tana cikin ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka, CEMAC, tare da Kamaru da Cadi da Kongo da Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. A 2017 ta amince 'yan waɗannan ƙasashe su shiga ba biza in suna da fasfo. Ɗan Nijeriya da ɗan Nijar ba sa ciki. Kai sai da fasfo, da biza, da katin allurar shawara. In za ka zauna kuma, sai katin zama, kart sejur, wanda hukumar shige da fice ta DGDI ke bayarwa, wadda tsofaffin mazauna har yanzu ke kira Sedok. Katin na shekara 2 ne, yana da tsada, kuma in ya ƙare sai an sabunta.

Wanda ba shi da katin nan, rayuwarsa rabi ce. Ya ga kaki sai ya canza hanya. Abin da ya tara a wata, shinge ɗaya ya cinye. In abokin ciniki ya cuce shi ba ya iya kai ƙara, domin shi za a fara tsarewa. Ba ya iya buɗe asusu da sunansa, ba ya iya karɓar shago da sunansa, sai ya ɓuya a bayan sunan wani, ranar da aka ɓata kuwa shago ya zama na mai suna. Mafi ciwo, in aka aiko masa mahaifiyarsa na kwance, ba ya iya tasowa, domin ya san in ya fita ba zai sake shiga ba. Mutane nawa ne suka yi ta'aziyyar iyayensu ta waya saboda wannan?

Saboda tsadar biza, 'yan kamasho kan ce akwai gajeriyar hanya: a gangara Kalaba ko Oron, a shiga jirgin katako da dare, a yi kwanaki a kan teku, a sauke mutane a cikin taɓon bakin ruwa wajen Cocobeach ko Cap Estérias. Jama'a, mu mutanen tudu ne. Yaron da ya tashi a Dakoro ko Gumel ko iyo bai iya ba. Jiragen nan sukan kife, kuma wanda teku ta ci babu kabarinsa, babu mai kawo labari, matarsa ba ta san ko ta yi takaba ko ta ci gaba da jira ba. Wanda ya tsira kuma ya sauka da bashin ɗan kamasho a wuyansa, ba takarda. Ta wannan hanya ce ake safarar yara. Manya za su tuna da jirgin Etireno, mai rajistar Nijeriya, wanda ya tashi daga Kwatano a 2001 da yara a ciki, Gabon ta hana shi saukewa, ya yi ta yawo a teku har ya koma inda ya fito a watan Afrilu. Iyayenmu mata, duk wanda ya zo ya ce ki ba shi yarinya ya kai ta Gabon aikatau za a riƙa aiko miki da kuɗi, ki ce masa Allah ya ba da sa'a, ki riƙe 'yarki. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Ko mai takarda ma ya kamata ya san tarihin ƙasar da yake zaune. A 1978, bayan cacar baki tsakanin Shugaba Bongo da Shugaba Kérékou, an kori dubban 'yan Benin, aka wawashe dukiyarsu. A 1981, rigimar wasan ƙwallo a Duwala ta sa aka far wa 'yan Kamaru a Libreville, dubbai suka bar ƙasar. Bayan an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, rayuwa ta yi tsanani, sai hukuma ta ba baƙi wa'adi zuwa farkon 1995, ko su gyara takardu ko su fita, kuma dubun-dubatar mutane suka fita. A 2011 sojoji sun tashi masu haƙar zinariya daga dajin Minkébé. A Disamban 2017, wani ɗan Nijar ya daɓa wa Turawa biyu 'yan Denmark wuƙa a kasuwar kayan sassaƙa ta Libreville, nan take aka kwashe 'yan kasuwa da dama, mafi yawansu mutanen yammacin Afirka, domin bincike. Wake ɗaya ke ɓata gari. Kada kuma wani ya ce muguntar mutanen Gabon ce. Gana ta kori baƙi a 1969, Hausawa da Yarbawa suka dawo da ƙunshi a ka. Nijeriya ta yi nata a 1983 zamanin Shagari, 'yan Gana da 'yan Nijar suka sha wuya. Duk ƙasar da aljihu ya matse, baƙo ake fara dubawa.

Yanzu ma iska ta sake kaɗawa. Ranar 30 ga Agusta, 2023 sojoji suka kifar da Ali Bongo, suka kawo ƙarshen mulkin gida ɗaya da ya fara tun 1967. Janar Brice Oligui Nguema ya karɓi ragama, ya kuma ci zaɓen Afrilun 2025. Matasan ƙasar na kukan rashin aiki, gwamnati kuwa ta yi musu alkawarin mai da tattalin arziki hannun 'yan ƙasa. A watan Agustan 2025 majalisar ministoci ta sanar da hana baƙi wasu ƙananan sana'o'i: ƙaramin kasuwanci na cikin unguwa, aika kuɗi ba lasisi, gyaran waya, aski da kitso a bakin titi, haƙar zinariya ba izini, dillancin amfanin gona a bayan fage, da ƙananan wuraren sana'a marasa rajista. Ku sake duba jerin nan. Waɗannan su ne ainihin ƙofofin da sabon zuwa ke shiga ta cikinsu. Mai babban jari da rajista da takardar haraji yana da inda zai tsaya. Yaron da zai je da tebur da almakashi, ko da 'yar tireda, shi dokar ta fi shafa. Saboda haka labarin da wanka ya ba ka na shekara 10 da suka wuce, ka tambaye shi na bana.

Bari mu koma cikin gida, domin a nan ciwon ya fi zurfi. Mutum ya yi aure, amarya ko wata 6 ba ta yi ba ya kama hanya, da alkawarin zai dawo baɗi. Baɗi ta zama shekara 5, ta zama 8. Tana zaune a gidan surukai, ita ba mai miji ba, ita ba sakakkiya ba. Kuɗin cefane in ya zo ta hannun uwar miji ko wan miji yake biyowa, abin da ya kai gare ta Allah kaɗai ya sani. Malamanmu sun sha faɗa, ciyarwa kaɗai ba ta sauke haƙƙin aure. Malam, in ka san ba za ka iya zuwa ba, kuma ba za ka iya ɗauko ta ba, ka kira waliyyinta ku yi magana ta gaskiya, a ba ta zaɓi. In kana aike, nata ya tafi hannunta kai tsaye, na iyaye ya tafi nasu. Wayar hannu ta sauƙaƙa wannan, babu sauran uzuri.

Wasu kuma sun yi aure a can, ko da 'yar Hausawan Bitam, ko da 'yar wata ƙabila ta ƙasar. Ba laifi ba ne, aure ne. Laifin shi ne ɓoyewa. Gida ba su san da na can ba, na can ba su san hanyar gida ba, sai ranar da mutum ya faɗi a fara jin ashe akwai 'ya'ya huɗu a Nkembo. Ku sani, a dokar Gabon ranar da ake rubuta aure a ofishin magajin gari ake tambayar ma'aurata ko sun zaɓi mace ɗaya ko fiye, kuma abin da aka sa wa hannu yana da ƙarfi a gaban alƙali. Auren da ya tsaya a masallaci kawai, ba rubutu, yakan bar mace da marayu ba madafa ranar rabon gado.

Sai 'ya'ya. Yaron da aka haifa, a yi masa takardar haihuwa cikin kwanakin farko, domin wa'adin gajere ne, in ya wuce sai an bi ta kotu. Uban da ke gudun ofis saboda shi ba shi da kati, ɗansa yake jefawa a rami: ba jarrabawa, ba fasfo, ba ƙasar da za ta ce nata ne. Haihuwa a Gabon kaɗai ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa kai tsaye. Amma tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, in uwa ko uba ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne. Akwai ofishin jakadancin Nijeriya a Libreville, a kai yara a rubuta su. A kuma yi musu Hausa ko Fulatanci a gida. Abin tausayi ne jika ya zo gaida kakarsa sai an nemo tafinta.

Maganar kuɗi kuma, ku 'yan canji kun fi ni sani. Sefa iri biyu ce: ta yamma da ake kashewa a Nijar da Benin, da ta tsakiya da ake kashewa a Gabon da Kamaru da Cadi. A takarda darajarsu ɗaya, kowacce 655.957 ce a kan Yuro ɗaya, amma jikar Libreville ba ta sayen goro a Maraɗi sai an canza, kuma mai canji zai cire nasa. Tun da naira ta faɗi a 2023, kuɗin da aka aiko daga can kan yi kauri in an juya shi, shi ya sa na gida ke zaton ɗan'uwansu shebur yake sawa yana kwasa. Ba su ga ɗakin katakon da mutum biyar ke kwana a ciki a unguwar da ruwa ke ci duk damina ba. Ba su ga zazzaɓin cizon sauro da kuɗin asibiti ba. Ku na gida, ku rage buƙata, ku kuma riƙe amana. Mutum ya yi shekara 12 yana aiko kuɗin gini da na shanu, ya dawo ya tarar da fili ba tubali, garke ba ko maraƙi, an ce wai annoba ce. Wannan ya raba zumunci a gidaje da yawa. Maganinsa tsoho ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. In za ka bar wa ƙanenka shanu, a ƙirga su a gaban Ardo da shaidu biyu, a rubuta, a faɗi rabon mai kiwo. Rubutu ba ya ɓata 'yan'uwantaka, rashinsa ne ke ɓatawa.

Duk da haka, kada a ce mun shafa wa Gabon baƙin fenti. Akwai waɗanda suka je da takarda, suka yi haƙuri, suka riƙe gaskiya, suka gina gidaje da masallatai da rijiyoyi a garuruwansu, suka kai iyayensu Makka. In ka bincika za ka tarar halinsu ɗaya. Katinsu ba ya mutuwa a aljihu. Suna cikin ƙungiyar 'yan garinsu, suna zubin adashi da asusun jinya da jana'iza, domin ɗauko gawa daga can sai mai hali, yawanci a can ake binnewa, kuma jama'a ce ke yi. Ba sa shiga siyasar masu gida. Sun koyi Faransanci, suna gaisawa da maƙwabta, suna halartar sha'aninsu. Kuma ba sa tara dukiyarsu duka a wuri ɗaya: abin da ya samu, rabi na komawa gida ya zama gona ko sa.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka ja bijimin nan zuwa kara, ka amsa wa kanka tambaya huɗu. Ina fasfona da bizata? Wa zai karɓe ni, kuma shi kansa yana da kati? Sana'ar da zan yi, doka ta bar wa baƙo ita a yau? Iyalin da zan bari, wa na damƙa wa, kuma yaushe na ce zan dawo? In ka rasa amsar ko da ɗaya, bar bijiminka ya ƙara kiwo. Kasuwar Mai'aduwa da ta Maigatari da ta Mubi suna ci kowane mako, kuma a cikinsu babu mai tambayarka kart sejur.

'Yan'uwanmu da ke Libreville da Port-Gentil da Oyem da Bitam, muna gaishe ku, Allah ya tsare ku, ya ba ku halal, ya dawo da ku gida lafiya.